Kwanon Baƙo da Takardar Izini: Waiwaye Kan Sadakar Abinci Daga Bakin Gadar Malanville

A gidan da na tashi a Malanville, ba a rabon tuwon dare sai an fara cire malmala biyu an ajiye a wani tsohon kwano mai marfi. Kakarmu tana kiransa kwanon baƙo. Wani daren almajirin gidan ne zai ɗauke shi, wani daren kuma karen motar da kuɗin guzurinsa ya ƙare yana jiran a sallami motarsu a iyaka, ko wata tsohuwa da ta tsallako daga Gaya dare ya yi mata. In babu wanda ya yi sallama har aka rufe ƙofa, da safe a yi ɗumame a miƙa wa na farko da ya leƙo zaure. Ba mu taɓa jin an ce wannan aiki yana bukatar iznin kowa ba.

Yau kuwa a birane da dama, daga Legas har zuwa Amurka, mai niyyar ciyar da jama'a sai ya fara neman takarda, a wasu wuraren ma wanda ya miƙa hannu ya karɓa yana iya kwana a hannun hukuma. Wannan canji bai faɗo rana ɗaya ba. Ya ɗauki fiye da shekara ɗari yana tafe, kuma garin da ya fi dacewa a tsaya a hango shi shi ne irin namu, inda kowane mai wucewa baƙo ne.

Zamanin da unguwa ta san mayunwatanta

Malanville gari ne na bakin Kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin, yana kallon Gaya ta Nijar a ɗaya gaɓar. Tsohon sunansa Tassi, kafin Faransawa su laƙaba masa sunan Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnoninsu na Dahomey. Gadar da ta haɗa gaɓoɓin biyu an gina ta a 1958, amma hanyar ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 19 ayarin fataken Kano da Katsina da Sakkwato suke ƙetare kogin ta wannan yanki, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su komo da goro. Duk inda ayari ya saba yada zango sai unguwa ta tashi, kuma dokar zango ta farko ita ce saukar baƙo. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa a ciniki, in ya yi rashin lafiya ya yi jinyarsa, in ya mutu ya yi masa sutura.

Kuskure ne a ɗauka cewa sadakar wancan zamani ba ta da tsari. Tana da shi, har ma ya fi na yanzu tsauri ta wasu fuskoki. Zakkar hatsi tana da ƙa'ida: dami ɗaya cikin goma ga gonar damina, rabin haka ga wadda aka shayar da wahala. Zakkar fidda kai mudun Annabi huɗu ne a kan kowane rai, a fitar kafin a tafi idin ƙaramar salla. Waɗanda suka cancanci zakka kashi takwas ne da Alƙur'ani ya lissafa a Suratut Tauba, kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikinsu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, tara zakka da raba ta ya zama aikin hukuma a masarautun daular Sakkwato, ta hannun masu gari da hakimai.

Su ma masu bara suna da shugabanci. A Kano da Zariya da sauran manyan birane akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kowanne yana sasanta mutanensa, yana karɓar sabon zuwa, yana magana da yawunsu a fada. Wannan tsari ya bi Hausawa har ƙasashen kurmi. Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a kansu a 1969, ya tarar da waɗannan sarautu suna aiki a can, mabarata suna da wuraren zamansu da masu kula da lamarinsu a cikin unguwa.

Almajiri kuma ba ɗan titi ba ne a asalinsa. Yana da malami, yana da tsangaya, yana da gidajen da aka san shi. Sau da yawa yakan samu uwar ɗaki, matar aure da ke aikensa cefane da ɗebo ruwa, ita kuma ta riƙa ajiye masa kwano. Da rani ake karatu, da damina ya taya malam noma. Ba ina cewa babu wahala ba. Akwai yunwa, akwai tsumma, akwai yaron da ake kora daga ƙofa zuwa ƙofa bai samu ko ƙanzo ba. Sai dai mai bayarwa da mai karɓa sun san juna da suna, kuma wannan sanayyar ita ce ke hana cunkoso, ta hana ƙarya, ta rage wulaƙanci.

Turawa sun zo da wata fassara

Da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da makarantun allo ko'ina. Lissafin da Lugard ya bayar ya kai kimanin makarantu 20,000 da ɗalibai 250,000 a Arewa. Sabuwar gwamnati ba ta rufe su ba, amma ta bar su a gefe. An narkar da zakkar hatsi cikin harajin da ake biya da kuɗi, abin da ake tarawa ya koma baitulmalin En'e don albashi da ayyukan mulki. Takardar boko ta zama mabuɗin aiki, alaramma da ya haddace Alƙur'ani ya wayi gari a lissafin hukuma cikin waɗanda ba su yi karatu ba. Nauyin ciyar da makarantun allo ya rage kan gidajen talakawa kaɗai.

Sannan Turawa sun taho da dokokinsu na gida, waɗanda ke kallon rashin matsuguni da bara a matsayin laifi. Kundin hukunta laifuka na Faransa na 1810 ya tanadi hukunci ga mabaraci da mai gararamba, Ingila kuma ta kafa irin wannan doka tun 1824. Waɗannan su ne suka haifi sassan dokar da ƙasashenmu suka gada bayan samun mulkin kai a 1960. Faransa da kanta ta cire bara daga jerin laifuka a sabon kundinta da ya fara aiki a 1994, amma 'ya'yan dokar suna nan da ransu a ƙasashen da ta mulka. A nan aka fara sauya tambayar. Da unguwa takan tambayi wane ne zai ciyar da wannan bawan Allah. Hukuma kuma ta zo tana tambayar wane ne ya ba shi iznin zama a nan.

Yunwa ce ta cika birane

Doka kaɗai ba ta rushe kwanon baƙo ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne yawan hannayen da aka miƙo. Tsofaffin ƙasar Hausa suna lissafin shekaru da sunayen yunwa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yan Buhu ta 1927, sai farin 1972 zuwa 1974 da ya ƙarar da dabbobin Sahel. Ta 1984 mutanen Maraɗi da kewaye sun sa mata suna El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakokin Najeriya da gwamnatin soja ta yi daga 1984 zuwa 1986, hatsi ya daina tsallakowa yadda aka saba. Kowace yunwa takan kwaso mutanen karkara ta zube su a birni, kuma ba duka ke komawa ba in ruwa ya sauka. Cin rani da a da wata huɗu ne ko biyar ya zama zaman dindindin.

Birnin ma ya canza fuska. Gidan da ke da zaure a buɗe ya zama gida mai katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi. Matar da a da take tuƙa tuwon mutum ashirin yanzu tana auna shinkafar mutum biyar. Almajirin da ba ya iya shiga gida sai ya koma tasha da kasuwa da bakin danja, ƙoƙon duma ya zama roba, neman abinci ya zama neman kuɗi. Malamin da a da yake da gona a bayan gari ya ga an yanka ta filaye, shi ma ya koma jiran abin da yara za su kawo.

Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, ya ƙara wa lamarin wata kala. An ga gardawa da matasan da ba su da kowa a birni cikin mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine, sai hukuma ta fara kallon taron almajirai da idon tsaro. Daga nan aka shiga neman taƙaita yawon makarantun allo daga gari zuwa gari. Yaron da jiya ake ba sadaka don neman lada ya zama abin tsoro a bakin masu mulki.

Kano ta gwada duka hanyoyin biyu

Babu birnin Hausa da ya yi ta kai da komo kan wannan batu kamar Kano. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, jihar ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi da kuma Hukumar Hisba a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Manufar hukumar zakkar kyakkyawa ce: a mayar da zakka hannun hukuma kamar da, a tara ta wuri ɗaya, a ba mutum abin da zai ja jari ya daina roƙo. Sakkwato ma tana da irin wannan hukuma ta zakka da waƙafi. Sai dai attajirai da yawa sun fi son su raba zakkarsu da hannunsu a ƙofar gidajensu, wasu don rashin amincewa da jami'ai, wasu don son a gani.

Gwamnatin tarayya ta shigo ta fuskar karatu. A Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka ce an gina irinta 157 a faɗin ƙasa. Da yawa daga cikinsu sun lalace bayan 'yan shekaru, domin an yi ginin ba a tanadi kuɗin tukunya da albashi mai ɗorewa ba.

Sai hanya ta biyu, ta hani. A 2013, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Kano ta yi dokar hana bara a tituna, Hisba ta riƙa kame. A Fabrairun 2020 Abdullahi Umar Ganduje ya sake shelanta haramcin, tare da gargaɗin gurfanar da iyayen da aka kama 'ya'yansu. Sake shelar kanta shaida ce cewa ta farko ba ta kama ƙasa ba. Bayan wata biyu annobar korona ta shiga Kano, gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka loda yara a motoci daga Kano zuwa Kaduna da Jigawa da Katsina, daga wasu jihohin zuwa Kano, aka kuma samu da dama cikinsu ɗauke da cutar. Da aka buɗe gari, yaran suka dawo, domin abin da ya fito da su daga ƙauye yana nan yadda aka bar shi. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, a Oktoban 2024 kuma ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin titunan babban birnin.

Abin lura shi ne gwamnatocin da ke hana bara su ne kuma ke buɗe cibiyoyin ciyarwa duk watan azumi, a dafa kunu da ƙosai da shinkafa a raba a masallatai da unguwanni. Wannan aiki ne na alheri, kuma ya nuna cewa hukuma ta san inda mayunwata suke, ta kuma san yadda ake kai musu abinci cikin tsari. Tambayar da ta rage ita ce ta sauran wata goma sha ɗaya.

Hanyar da ta bi ta ƙofarmu

A ɓangarenmu na masu sefa ma labarin bai bambanta ba. Titin da ya taso daga Yamai da Dosso ya hau gadarmu shi ne ke gangarawa ta Kandi da Faraku har Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, daga can kuma hanya ta buɗe zuwa Lome da Accra. Kafin a rufe gadar a 2023, albasa da shanu suna bin sa zuwa kudu, kayan tashar jirgin ruwa suna bin sa zuwa arewa, mai neman abin sa wa a baka shi ma nan yake bi.

A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, galibi daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, kuma an san da yawa daga masu bin wannan hanya bara ce ke kai su biranen Aljeriya. A 2017 hukumomin Kwatano, ƙarƙashin kantoma Modeste Toboula, suka shiga share tituna, aka tashi masu kasa kaya da mabarata. A 2019 Yamai ta shelanta hana bara. A Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta aika jiragen sama Dakar ta kwaso 'yan ƙasarta sama da dubu ɗaya da ke bara a can, bayan wani rahoton talabijin ya nuna halin da suke ciki, daga baya aka kwaso wasu daga Ghana. A Mayun 2025 jami'an shige da fice na Ghana suka sake kama sama da mutum 2,000 a titunan Accra, mafi yawansu 'yan Nijar. Kowane birni yana tura su gaba ko baya, kamar ana share tsakar gida ana tara sharar a ƙofar maƙwabci, alhali kuwa mutane ne, da iyayensu da sunayensu.

Tun 1979 marubuciyar Senegal Aminata Sow Fall ta hango inda wannan zai kai a littafinta La Grève des bàttu, labarin wani babban jami'i da ya kori mabarata daga birni don kada su ɓata wa baƙi 'yan yawon buɗe ido rai, sai ga shi malaminsa ya umarce shi da ya yi sadaka ga mabaratan kan titi in yana son muƙami, su kuma suka ƙi fitowa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san gaskiyar da ke ciki: mai bayarwa ma yana bukatar mai karɓa. A Disambar 2020 kuma Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta bayar da ra'ayin shari'a cewa dokokin gararamba da aka gada sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan adam ta nahiyar, domin talauci suke hukuntawa.

Mu a Malanville mun ga ɗayan gefen lamarin da idonmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gada. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a bakin gari, wasu ɗauke da abinci yana ruɓewa, wasu da kayan agaji. Direbobi da yaran mota suka shafe makonni suna kwana ƙarƙashin tirela. Mutanen da jiya suke ba almajiri canji suka wayi gari suna cin tuwo bashi. Na ga masu abincin bakin tasha suna zuba wa wanda ba su san ranar da zai biya ba, na ga gidajen da suka mayar da kwanon baƙo tukunya guda. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata gefen a rufe, jama'a suka koma kwale-kwale. Wannan ya koya mini cewa tsakanin mai gida da marar matsuguni wani lokacin shinge ɗaya ne da aka gitta a kan gada.

Doka ta waiwayo kan mai bayarwa

Duk abin da na ambata hukunci ne a kan hannun da ke karɓa. Sabon babin shi ne na hannun da ke bayarwa, kuma a Amurka ya fito fili. A 2006 birnin Orlando ya ce duk mai son ciyar da mutum 25 ko fiye a lambunan tsakiyar gari sai da izini, iznin ma sau biyu kacal a shekara a kowane lambu. A 2011 aka kama 'yan ƙungiyar Food Not Bombs da suka ƙi bin dokar. A 2012 Houston ta hana ciyar da sama da mutum biyar ba da yardar mai wurin ba, ko da wurin na birni ne. A Nuwamban 2014 'yan sandan Fort Lauderdale suka tuhumi Arnold Abbott, dattijo ɗan shekara 90 da ya yi yaƙin duniya na biyu, da laifin raba abinci ga marasa matsuguni a fili. Hujjar biranen ita ce tsabta da lafiyar abinci da koken masu shaguna. Masu adawa suka ce manufar ita ce a kori talaka daga inda ake ganinsa. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa rabon abincin da Food Not Bombs ke yi a lambun Fort Lauderdale hanya ce ta bayyana ra'ayi da tsarin mulki ya kare.

Mu kuwa gawa ce ta kawo mu wannan babi. A Mayun 2022 mutum 31 suka mutu a turmutsitsin rabon kayan sadaka da wani coci ya shirya a Fatakwal. A Maris na 2024, cikin azumi, mutum bakwai suka rasu a Bauchi wurin karɓar zakka. A Disambar 2024, cikin kwana huɗu, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra wurin rabon shinkafa, mutum 10 a harabar wani coci a Maitama ta Abuja. Bayan haka 'yan sanda suka ce a riƙa sanar da su kafin kowane rabo, jihar Legas ta ce taron da ya haura mutum 250 sai an yi masa rajista.

Wanda ya ga uwa tana neman takalmin ɗanta a inda aka tattake shi ba zai ce hukuma ta yi shisshigi ba. Shelar rabo a rediyo, a tara dubban mayunwata tun asuba a bayan ƙofa ɗaya, sannan a buɗe ta, ganganci ne da rayukan mutane komai kyan niyya. Irin wannan rabo ma baƙo ne a al'adarmu. Iyayenmu sun fi girmama sadakar da ake aikawa da dare, yaro ya kai ƙwarya gidan gwauruwa ya dawo ba wanda ya sani. Taron ƙofar gida da kyamara da buhu mai hoton mai bayarwa ɗan zamanin siyasa ne da Facebook.

Abin da shekara ɗari suka koyar

Idan aka jera waɗannan dokoki tun daga na Faransawa har na Legas, za a ga sun kasu biyu, kuma ma'aunin raba su mai sauƙi ne: bayan an zartar da dokar, shin mai jin yunwa ya ci ko bai ci ba? Dokar da ta ce a raba kati tun kafin ranar, a kasa wurin rabo unguwa unguwa, a ware layin mata da tsofaffi, a dafa da ruwa mai tsabta, a kwashe shara bayan an gama, tana taimakon mai bayarwa ya isar da amanarsa. Dokar da ta sa izni ya yi wuyar samu, ko ta loda mutane a mota ta zubar a bayan iyaka, tana kawar da su ne daga ido kawai. An gwada ta a Kano da Yamai da Kwatano da Abuja, kuma kullum mutanen suna dawowa, domin kora ba ta cika ciki.

Ba na cikin masu cewa a bar bara yadda take. Yaro ɗan shekara shida da roba a tsakiyar titi da ƙarfe goma na dare abin kunya ne gare mu duka, kuma uban da ya tura shi gari mai nisa ba guzuri ba ziyara yana da tambayar da zai amsa, gaban hukuma da gaban Allah. Masu tara yara da mata su kai su wata ƙasa su riƙa karɓar abin da suka samo, su ne ya kamata doka ta fi tsanantawa a kansu. Amma a fara da ɗora tukunya kafin a ɗaga sanda. A san kowace makarantar allo da yawan ɗalibanta, a haɗa ta da gidaje da 'yan kasuwar da za su ɗauki cinta. A dawo da mai unguwa da limami da Sarkin Makafi cikin lissafi, su da suka san wane ne mabukaci na gaskiya. Hukumar zakka ta riƙa buga abin da ta tara da inda ta kai shi, don attajiri ya saki jiki ya ba ta.

Garinmu yana da sa'ar da manyan birane suka rasa, domin har yanzu ana iya sanin mutum da sunansa. Ambaliyar kogi tana raba mutanen Malanville da Karimama da gidajensu in damina ta yi ƙarfi, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012, iyaka kuma tana iya rufewa ba sallama. Kowane lokaci za a iya wayar gari da ɗaruruwan baƙi da ba su da wurin kwana. Ina roƙon magajin gari da sarakunan unguwanni da shugabannin kasuwa da na tasha su zauna tun yanzu su tsara inda za a dafa da wanda zai raba da yadda za a yi layi, kafin ranar da za a bukata. In an yi takardar izini, a yi ta yadda mace mai tukunya ɗaya za ta same ta cikin yini guda ba ta biya ko dala ba.

Kwanon kakarmu yana nan a gidan, marfinsa ya lotsa, ƙanwata ce ke cire malmalar yanzu. Ranar da na je na ƙarshe, wani yaro ne daga wajen Dosso ya ɗauke shi. Ta tambaye shi sunansa da na malaminsa, ta ce gobe ya zo da wuri kafin miya ta huce.